Rairai a kan hanyoyin Adar: yadda ake shirya ƙaramar tarakta kafin hanya ta toshe

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita ta faɗa Tawa, ko ya sauka daga gare ta ya nufi Karofan da ƙauyukan kwarin Majiya, ya san abin da ake nufi in aka ce hanya ta toshe. Da damina ƙoramu ke gangarowa daga duwatsun Adar su jibge yashi da laka a kan mashigin siminti, wanda ma'aikata ke kira radiye. Da hunturu kuwa iskar arewa maso gabas ke kwaso rairai ta shimfiɗa shi a duk inda ta sami abin tokarewa. Sai ka tarar da kamyo shaƙe da albasa ko wake ya kafe tun safe, yaran mota na haƙa da shebur, ɗan kasuwa na lissafin asara, motar da ta ɗauko mai naƙuda kuma tana jira a baya.

Babbar katafila ita ce maganin irin wannan, amma ba kowace ƙaramar hukuma ke da halin sayen ta ba, kuma kafin a turo ta daga nesa kwanaki sun shuɗe. Shi ya sa ya kamata a dubi ƙaramar tarakta, mai ƙarfin doki 30 zuwa 50, wadda ƙungiyar manoma ko ta ƴan kasuwa ke iya mallaka.

Darasi daga ƙasashen sanyi

A Kanada da arewacin Amurka da Turai, manomi ba ya jiran dusar ƙanƙara ta zubo kafin ya shirya taraktarsa. Tun da kaka yake ɗaura mata wuƙar turi ko injin da ke watsa dusar gefe, ya sa wa tayu sarƙa, ya rataya nauyi a baya. Wannan ɗabi'a ta shiri da wuri ita ce abin koyi, don Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan aikin nasu kuwa ba duka ne za su yi mana amfani ba, kuma dalilin yana cikin awo. Mita ɗaya mai fuska shida, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita guda, ta sabuwar dusar ƙanƙara ba ta cika wuce kilo 100 zuwa 200 ba, alhali ta busasshen yashi tana kai kilo 1,600, in ya jiƙe ma ta ɗara haka. Ga shi yashi yana cin ƙarfe kamar magagari. Injin watsa dusa in aka cusa shi cikin rairai ba zai daɗe ba, sarƙar taya kuma haƙa rami za ta yi ta binne taraktar. Dusa tana narkewa in zafi ya shigo, yashi kuwa inda ka zuba shi nan za ka tarar da shi, ko iska ta maido maka shi kan hanya.

Kayan da za a ɗaura

Na farko shi ne cokalin gaba mai ɗagawa da ƙarfin mai. Na ƙaramar tarakta yakan ci kamar kwata na mita mai fuska shida, wato wajen kilo 400 na yashi. Mu ɗauki misali: mashigi mai tsawon mita 30 da faɗin mita 4, yashi ya rufe shi da zurfin rabin mita. Wannan mita 60 ke nan, kusan tan 96. Cokali 240 zai kwashe shi, aikin yini ɗaya ko biyu ga direban da ya ƙware. Da baro mai cin lita 60 kuwa sawu 1,000 ake magana.

Na biyu shi ne wuƙar baya, wadda ake maƙalawa a ƙugiya mai kafa uku, dabarar da Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926 kuma yau kusan kowace tarakta na da ita. A nemi wuƙar da ta ɗan fi tazarar tayu faɗi, wadda ake iya karkatar da ita don yashi ya zube gefe guda, kuma bakinta ya zama na kusoshi, in ya cinye a sauya shi kaɗai.

Na uku shi ne nauyi. In cokali ya cika, bayan tarakta yakan yi sakayau, tayun baya su rasa kamu. Maganin haka a cika tayun baya da ruwa kashi uku cikin huɗu, ko a rataya curin siminti a ƙugiya. A nan mun fi mutanen sanyi sa'a, tun da ruwanmu ba ya daskarewa, ba sai an gauraya shi da wani magani ba. A cikin rairai mai laushi ana rage iskar taya kaɗan don ta shimfiɗu, amma ban da tayun gaba masu ɗauke da cokali. Tarakta mai ja da ƙafa huɗu ta fi dacewa nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne kariyar inji daga ƙura. A sa matatar iska mai hawa biyu da kwanon tace ƙura a samanta, a zazzage kwanon kowace safiya, a hure radiyata, a matsa giris a gaɓoɓin cokali kullum aka yi aiki. Canjin baƙin mai ana lissafa shi da awowin aiki, kamar yadda littafin injin ya tsara, kuma gazuwal ɗin bakin hanya sai an tace shi kafin a zuba.

Rai ya fi kaya

Abin da ya fi kashe direbobin tarakta a duniya shi ne kifewa. Kada a yi tafiya da cokali a sama, musamman a gangaren ƙorama, kuma kada a cire ƙarfen kariya da ke bisa kujera, a riƙa ɗaura bel. Kada a shiga mashigi ruwa na gudu. Akwai kuma jarabar da za ta zo tabbas: kamyo mai tan 30 ya kafe, jama'a na roƙon a ja shi. Taraktar da nauyinta bai wuce tan biyu ba aikinta ta share gaban tayu. In an ɗaura igiya a saman gatarin baya aka fizga, kan tarakta ke tashi ta juyo kan direba cikin ƙiftawar ido.

Wurin zuba yashi ma yana da ƙa'ida. A kai shi ɓangaren da iska ta nufa, a baje shi nesa da hanya. Tudun da aka bari a bakin hanya shi ke tare sabon rairai ya sauke shi a tsakiyarta.

Abin da yankin ya riga ya sani

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga yaƙi da rairai. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya da taimakon ƙungiyar CARE, layi biyu-biyu da tazarar mita 100, don karya ƙarfin iska. A 1984 aka buɗe Porojen Keita da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, hukumar PAM na biyan masu aiki da abinci, yawancinsu mata. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. Cikin kusan shekara ashirin an farfaɗo da sama da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an yi hanyoyi fiye da kilomita 300. Injuna sun fasa fako sun ɗebo duwatsu, hannuwa kuma suka jera su. Abin da aka koya shi ne yashin da ke rufe mashigi daga kan tudu yake tasowa, don haka shingen duwatsu a ƙorama da shingen kara ko aguwa a ɓangaren da iska ke fitowa, an ja shi baya daga hanya, su ke rage wa tarakta aiki.

Lissafi kafin saye

Ƴan kasuwa ba su manta watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan gyaran da ake shigowa da su ya ninka, injuna da yawa suka kwanta don rashin ƙaramin ƙarfe guda. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin tarakta, a tambayi inda ake samun kayanta, ko Maraɗi ko Birnin Konni ko Sakkwato ko Kano, kuma wane makaniki ya san cikinta. Araha ba ta ado. A ɗauki direba ɗaya mai horo, a buɗe littafin awowi da na mai, a ware asusun gyara daga kuɗin hayar noma da jigila, tun da share hanya ba zai cika mata shekara ba. Ga ma'aikatan hukuma kuma, a rubuta a takarda wa ke ba da umarnin fita, wa ke sayen mai, wane mashigi ake farawa da shi. Daminar 2024, wadda ambaliyarta ta yanke manyan hanyoyi har a ƙofar Yamai, ta nuna cewa in bala'i ya game ƙasa kowane gari da abin hannunsa yake fara taimakon kansa.

Watannin Afrilu da Mayu su ne lokacin duba cokali da tayu saboda damina, Oktoba kuma saboda hunturu. Allah ya tsare matafiya, ya ba mu damina mai albarka.