Kyamarar Tafiya Da Ba Ta Barin Gida

Ina so in ɗan yi muku bayani a kan wata irin kyamara mai awon nisa, wadda kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya yi suna da ita, musamman tun fitowar samfurin M3 a 1954. In ka leƙa 'yar tagarta, sai ka ga abin da za ka ɗauka ya rabu biyu a tsakiya. Kana murɗa gilashin gaba siffofin nan suna matsowa, da zarar sun haɗe, to hoto zai fito tangaran. Ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, shi ya sa matafiya ke sonta.

A 2012 Leica ya haɗa kai da Hermès, shahararrun dukawan Faransa, suka fitar da wasu guda 100 kacal, kowace da gilasai uku da jakarta ɗinkin hannu. Kuɗinta kuwa a lokacin dala 50,000!

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, da yawan masu sayen irin wannan ba sa fita da ita. Da ta ɗan karce darajarta ta ragu ranar gwanjo, don haka sai a kulle ta a akwati, jakar ma ko ƙurar hanya ba ta sha.