Kuɗin Inshorar Babur: Abin Da Samarin Yankin Gwashi Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya san ƙasar Gwashi da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, da maƙwabtanta na Anka da Gummi a yammacin Jihar Zamfara, ya san babur shi ne ƙafar jama'a. Da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake kai marar lafiya asibiti, da shi malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma suke zuwa wurin aiki. Yawancin masu tuƙa waɗannan babura kuwa samari ne, waɗansu na kabu-kabu, waɗansu kuma ɗalibai ne da iyaye suka saya wa don zuwa makaranta. Amma in aka tambayi saurayi nawa ne kuɗin inshorar babur ɗinsa, da abin da takardar za ta yi masa ranar tsautsayi, da wuya a sami cikakkiyar amsa.

Tilasta wa masu ababan hawa yin inshora ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Tun zamanin mulkin Turawa, a cikin 1945, aka kafa dokar da ta hana hawa titi da mota ko babur sai da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce take sa ido a kan kamfanoni. A watan Agusta na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, kuma wannan tilas yana nan daram. Kafin wannan ma, Sufeto-Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umurnin a fara binciken takardun inshora a kan hanyoyin ƙasa baki ɗaya daga ran 1 ga watan Fabrairu, 2025.

To, nawa ne kuɗin? Bisa ga farashin da NAICOM ta tsayar daga ran 1 ga watan Janairu, 2023, mai babur zai biya N3,000 a shekara, mai keke-napep N5,000, mai ƙaramar motar hawa kuma N15,000, bayan a da N5,000 yake biya. Watau mai babur yana biyan kimanin Naira takwas ke nan a kowace rana, kuɗin shekarar gaba ɗaya bai kai na lita biyar ta fetur ba. In ya lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har N1,000,000. In kuma ya ji wa wani rauni ko aka yi asarar rai, nan ma kamfani yana da alhakin biya.

Wani abin lura shi ne, wannan farashi bai dubi shekarun mai tuƙi ba. Ɗan shekara 19 da dattijo mai shekara 60 kuɗi ɗaya za su biya. A ƙasashen Turai ba haka abin yake ba. A Ingila, alal misali, kamfani yakan duba shekarun mai babur, da ƙarfin injinsa, da unguwar da yake kwana, da tarihin haɗurran da ya taɓa yi, sa'an nan ya yanka masa kuɗi. Saboda haka saurayin da ya sayi babban babur na gudu yakan biya ninkin-ba-ninkin abin da magidanci zai biya. Dokar lasisi ma a can hawa-hawa ce: ɗan shekara 17 ba zai wuce inji mai ƙarfin 125cc ba, matsakaicin babur sai ya kai 19, babba marar iyaka kuwa sai ya kai 24, ko 21 in ya yi shekara biyu a kan matsakaicin. Dalilin kamfanonin a fili yake. Inshora asusu ne da mutane da yawa suke zuba kaɗan-kaɗan don a biya 'yan kaɗan da tsautsayi ya faɗa wa, kuma wanda aka fi tsammanin zai jawo a taɓa asusun shi ake sa wa kaso mafi girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Ke nan saurayin Gwashi ya sami rangwamen da takwaransa na Landan bai samu ba. Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Takardar N3,000 ba ta mai babur ba ce, ta wanda ya kaɗe ce. In shi da kansa ya karye, ba za ta biya kuɗin kai shi Babban Asibitin Tarayya na Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ba. In babur ɗin ya ragargaje, ko ya ƙone, ko aka sace shi, ba za ta biya ko kwabo ba. Rashin fahimtar wannan batu shi ya sa da yawa suke cewa inshora cuta ce, alhali kuwa abin da suka saya daban, abin da suke tsammani daban.

Wanda yake son a biya shi asarar babur ɗin kansa sai ya yi cikakkiyar inshora, kuma a nan ne tsada take. Umurnin NAICOM ya ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa. Tun bayan cire tallafin fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023, sabon babur irin su Boxer ya haura Naira miliyan ɗaya. In an ƙiyasta babur a kan N1,200,000, mafi ƙarancin abin da za a biya shi ne N60,000 a shekara, watau ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na wata guda, N70,000, da aka tsayar a 2024. Babban babur na gudu mai darajar N4,000,000 kuwa zai ci N200,000. Wannan kuma ƙasan farashi ne, kamfani yana da damar ya ƙara in ya ga mai tuƙin yaro ne ko wurin da yake zaune yana da hatsari. Har ila yau akan gindaya cewa mai babur shi zai ɗauki wani ɓangare na farko na kowace asara daga aljihunsa.

Bayan kuɗi akwai sharuɗɗa, kuma su ne suka fi kama samari. Yawancin takardun inshora ba sa biyan haɗarin da ya auku wajen tsere ko gwajin gudu, don haka wasan ganganci da babur a wajen rakiyar amarya ko ranar Salla ba ya cikin lissafi. Haka nan wanda ya yi inshorar hawan kansa sa'an nan ya koma kabu-kabu da babur ɗin ya saɓa wa sharaɗi. Wanda ba shi da lasisin tuƙi ma ya buɗe wa kamfani ƙofar ƙin biya, kuma a Nijeriya ba a ba da lasisi sai ga wanda ya kai shekara 18. Ga mazauna wannan yanki akwai ƙarin tambaya guda mai nauyi. Sanin kowa ne 'yan bindiga sun addabi yammacin Zamfara, har a 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita hawan babur da dare, ta hana sayar da fetur a jarka. Yawancin takardu suna ware asarar da yaƙi ko ta'addanci ko tarzoma suka jawo. Saboda haka wajibi ne mai saye ya tambaya, a rubuta masa, ko ƙwacen babur da bindiga yana cikin abin da za a biya.

Wata matsalar ita ce takardun jabu. Ofisoshin kamfanoni a manyan birane suke, mutumin karkara kuwa yakan ba wa wani kuɗi ya haɗo masa takardu a dunƙule, bai san ko an kai kuɗin kamfani ba. Maganin wannan yana cikin wayar hannu. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake sa lambar abin hawa ta intanet a ga ko inshorarsa ta gaske ce. Lambar da ba ta fito ba, mai ita ya koma wurin wanda ya sayar masa tun kafin a shiga uku.

Akwai kuma masu gudun inshora saboda shakkar halascinta a Musulunci. Don irinsu ne NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki a kan wannan tsari. A takaful abin da mutum ya zuba gudummawa ce ga asusun taimakon juna, ba a juya shi ta hanyar riba, kuma in an sami rara akan raba wa waɗanda ba su nemi biya ba. Wannan bai yi nisa da abin da jama'a suka saba ba, domin in yaro ya kaɗe mutum dangi ne suke haɗa kuɗin magani, wani lokaci har a sayar da sa ko a jinginar da gona.

Abin da ya rage shi ne uban da zai saya wa ɗansa babur ya sa lasisi da hular kwano da inshora cikin kuɗin saye tun farko, kada ya bar su sai an tare yaron a shinge. Shugabannin 'yan kabu-kabu na Anka da Gummi da Bukkuyum kuma suna iya tattara 'yan ƙungiyarsu su nemi kamfani mai rajista kai tsaye. N3,000 ba za ta hana tsautsayi ba, amma tana iya hana gonar gado fita daga hannun iyali. Allah ya kiyaye hanya.