Kurmin Fadama a Bayan Rairayin Kwatano

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a Zangon Kwatano ya san cewa, tun bai yi nisa ba, rairayi zai yi danshi ruwa ya tsattsafo, domin garin kacokan a kan zirin yashi yake zaune, teku ta kudu, tafkin Nokuwe ta arewa. Igiyar ruwa ce ta jibge wannan yashi, jigawa bayan jigawa, cikin zamunna masu tsawo, ta bar kwaruruka a tsakankaninsu inda ruwa ke kwanciya, kuma a nan ne Allah, cikin hikimarsa, ya tsirar da kurmin fadama.

Inda ruwan daɗi ya rinjaya, tukurwa ce ke yaɗo, wadda ake yin jinka da gwangwalarta. Amma inda gishiri ke kutsowa, kamar wajen Wida da bakin kogin Mono, sai wani itace mai ban al'ajabi ya karɓe wurin, wanda saiwoyinsa ke saukowa daga jikinsa kamar ƙafafun gizo-gizo su kafu cikin taɓo, alhali maƙwabcinsa, saboda ƙarancin iska a laka, sama yake turo nasa saiwoyin tsinke-tsinke don ya shaƙa. A cikin wannan sarƙaƙiya ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke fakewa har su girma, su iso kasuwar Dantokpa.

Tun da Faransawa suka haƙa mashigin da ya haɗa tafkin Nokuwe da teku a 1885, ruwan gishiri ya sami hanya. Daga baya gatari ya biyo: masunta na saran rassa su kafa akaja, wato tarkon kifi, matan ƙauyen Jegbaji kuma na neman makamashin dafa gishiri, kuma ba na zarginsu, tun da abinci suke nema. Abin da ya fi damuna shi ne cike fadamu da shara a ɗora gini, har ruwan damina ya rasa makwanci, kamar yadda ambaliyar 2010 ta nuna wa mutanen gari.

An shigar da waɗannan dausayoyi cikin yarjejeniyar kare dausayoyi ta Ramsar a 2000, wasu ƙauyuka kuwa dodonsu na gargajiya, Zangbeto, suka ɗora wa gadin kurmin, aka haramta sara a sassan da aka keɓe, ana kuma dasa sababbi.