Cire Boris na Hannun Tayar Baya a Babur

Tayar baya ta babur, ko moto kamar yadda ake cewa a Nijar, ba a manne take da gangar jikin babur ba. Wani ƙarfe ne mai rassa biyu yake riƙe da ita, wanda za a kira shi hannun taya a wannan takarda. Gindin hannun yana rataye a kan wata doguwar ƙusa mai noti, wadda ta ratsa gangar jikin a bayan inji. Idan babur ya faɗa rami, hannun yakan yi sama ya yi ƙasa a kan ƙusar, sifirin kuma ya tare girgizar.

Tsakanin ƙusar da hannun akwai abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. A ƙananan babura irin su Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, bushin ne kawai. A manyan babura da na shiga daji kuwa, galibi boris ne mai allurai, watau siraran sandunan ƙarfe da aka jera cikin wani kwanso marar kauri. Kalmar boris daga Turanci aka aro ta. Inda Faransanci ya fi tasiri, kanikawa da yawa da kalmar roulement suke amfani.

Ƙura da ruwa ne ke kashe wannan boris. Suna bi ta gefen robar da ke toshe bakinsa, giris ya bushe, allurai su yi tsatsa. Mai babur zai ji bayansa yana kaɗawa a kwana, sarƙa kuma tana saurin lalacewa. Bakanike yakan ɗaga babur har tayar ta bar ƙasa, ya kama ƙarshen hannun ya tura shi dama da hagu. In ya motsa, boris ya mutu. Hannun ake kamawa, ba tayar ba, don kada a ɗora masa laifin boris ɗin taya.

Matakin farko ba wuya. A kwance taya da birki da gindin sifirin, a kwance noti, a zare ƙusar, hannun ya fito. Sai a jera wasa da robobi a kan tsumma bisa tsarin da aka same su, a kuma auna zurfin da tsohon boris ya shiga, domin sabon ma nan zai tsaya.

Daga nan ne ake gane gwani. Boris mai allurai da aka cire ba a mayar da shi, don kwansonsa yakan lanƙwashe. Saboda haka ba shi ake tattali ba. Abin tattali shi ne ramin da yake zaune a ciki. Boris araha gare shi, amma idan ramin ya faɗaɗa ko ya yi rauni, sabon ba zai kama ba, sai dai a sayi hannu sukutum. A nan ne gaggawar yaran gareji take jawo wa mai babur asara.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce ta matsi. Ana samun dogon ƙarfe mai zare da noti biyu, da soket biyu: ƙarami wanda ya yi daidai da bakin boris, da babba wanda boris zai iya faɗawa cikinsa. A sa ƙaramin a gefe ɗaya, babban a ɗaya gefen, a zura ƙarfen ta tsakiya, a riƙa ɗaure noti a hankali har boris ya fito. Amma kafin a fara, sai an leƙa cikin ramin. Wasu hannuwan suna da tudu a tsakiya, wanda ke hana boris wucewa ciki. Irin waɗannan, ta waje kaɗai yake fita.

In babu waɗannan kaya, akan zura sandar ƙarfe ta ɗaya gefen a buga da guduma, ana zagaya bakin kwanson kaɗan-kaɗan don kada ya karkace. Idan hannun na alminiyam ne, zafi yana taimakawa, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. A ɗumama wajen har ɗigon ruwa ya riƙa tafasa a kansa, watau kimanin digiri 100, ba a wuce haka da yawa ba. Wani lokaci allurai sukan zube su bar kwanson a maƙale. Sai a tsaga shi da bakin zarto a tsanake, a lanƙwasa shi ciki, ba tare da an taɓa bangon ramin ba.

Bayan an goge ramin, a shafa giris, a tura sabon boris da matsi, ba da duka ba. Gefen da ke ɗauke da lamba shi ake dannawa, don ya fi ƙarfi.

Ɗalibi zai lura cewa yawancin aikatau na wannan aiki, kamar cire, zare, kwance da goge, suna ƙarewa da wasalin -e. Ƴan giredi na 4 ne a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, giredin da ke nuna rabuwar abu da wani, ko yin aiki gaba ɗaya. A kwatanta "ya buga ƙusa", inda aka ambaci dukan kawai, da "ya buge ƙusa", inda dukan ya kawar da ita daga wurinta.