Akwatin Sauti: Yadda Ake Daidaita Shi Kafin A Ɗauki Murya

Duk wanda ya zaga Nima ko Sabon Zango a birnin Ankara, ko zangunan Kumasi, ya san yanzu ba sai an je gidan rediyo ba kafin a ɗauki waƙa. Ɗaki guda, kwamfuta, makirufo, da wani ɗan akwati irin Focusrite ko Behringer, shi ke nan yaro ya buɗe situdiyo. Wannan akwati shi ke mai da murya ta zama lambobin da kwamfuta ke ajiyewa. Abin da ya dame mu shi ne, ba 'yan waƙar zamani kaɗai ke shiga ɗakunan nan ba. Ana kai tsofaffin makaɗan goge da kalangu, da dattawan da suka san tarihin fataken goro. Irin waɗannan in aka ɓata ɗaukarsu, ba lalle a sake samun su ba.

Mu fara da ƙarfin shigar sauti, don nan ne ɓarna ta fi yawa. Kowace kafar makirufo tana da maɓallin da ake murɗawa. Yaranmu sun ɗauka in ba a ƙure shi ba waƙa ba za ta fito ba. A zamanin kaset, in sauti ya ɗan wuce kima, tef yakan haɗiye. Kwamfuta ba ta da wannan haƙuri. Ma'auninta yana da iyaka a kan sifiri, abin da ya haura kuwa sai ta sare masa kai, ya riƙa tsatstsage kamar tsohuwar lasifika, kuma babu gwanin da zai mai da shi yadda yake. Don haka a sa makaɗi ya buga iya ƙarfinsa tukuna, a murɗa maɓalli har bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifiri. Mai kalangu dai a ƙara masa sarari, domin in kiɗa ya yi masa daɗi ba ya tuna abin da aka yi a gwaji.

Sai lambobin nan biyu da manhaja ke tambaya. Ta farko ita ce sau nawa akwatin zai auna sauti a daƙiƙa ɗaya. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana kan 44,100, masu bidiyo kuwa 48,000 suke bi. Tun da yawancin aikinmu bidiyo yake ƙarewa, mu a ganinmu 48,000 ta fi. Amma akwati da manhaja su zama bakinsu ɗaya. Abin da aka ɗauka a 48,000 aka saurara a 44,100 ba tare da an juya shi ba, zai yi nawa, murya ta yi kauri. Ta biyu kuwa a zaɓi bit 24 maimakon 16, don ko an ɗauka a hankali za a iya ɗagawa daga baya. Awa guda ta makirufo ɗaya a haka ba ta wuce kusan megabayit 520 ba.

Akwai kuma jinkiri. Mawaƙi zai ce yana jin muryarsa a kunne tana biyo shi a baya. Wannan aikin bafa ne, wato ɗan rumbun da sauti ke taruwa kafin kwamfuta ta karɓa. A kan 1,024 jinkirin rumbun kaɗai ya kai kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa, a kan 128 kuwa bai kai 3 ba. A rage shi lokacin ɗauka, a ƙara lokacin haɗawa. In kwamfuta tsohuwa ce ta fara ƙas-ƙas, a koma 256. Masu Windows su sa direban ASIO na kamfanin akwatinsu.

Maɓallin da aka rubuta wa 48V wuta yake tura wa makirufo mai kwandensa. A rage lasifika kafin a taɓa shi, kuma a kashe shi kafin a zare waya.

Gurnanin da wasu ke ɗora wa makirufo laifinsa kuwa, sau da yawa na lantarki ne, don wutar Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. A raba wayar makirufo da ta wuta, a jona kayan duka a soket guda. In kwamfutar cinya ce, a zare caja a ɗauka da batir, a ji ko gurnanin ya tafi.