Lauyan Shige da Fice: Abin da Yake Iyawa da Abin da Ake Jingina Masa

A unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna, daga Kakuri da Barnawa zuwa Narayi da Sabon Tasha, inda durƙushewar masaƙu ta bar matasa da yawa da burin ƙetarewa, maganganu sun yawaita a kan lauyan shige da fice, wato lauyan da ya ƙware a dokokin shiga ƙasa da zama a cikinta da samun izinin aiki ko zama ɗan ƙasa. Wadda ta fi bazuwa ita ce wai yana da hanya a ofisoshin jakadanci, har yana iya lamunce wa mutum biza. Wannan ƙarya ce, domin jami'in ƙasar da ake son zuwa shi kaɗai ke yanke hukunci, shi kuwa lauya aikinsa tantance rukunin bizar da ya dace da mai nema, da daidaita masa hujjoji, da gaya masa gaskiya idan sharuɗɗa ba su cika ba. Haka kuma mai karɓar kuɗin haifaffen Najeriya da sunan cacar bizar Amurka yaudararsa yake yi, tunda an cire Najeriya daga tsarin tun zagayen 2015, sai ɗan keɓantaccen hali irin na wanda aka haifi abokin aurensa a ƙasar da ta cancanta.

Wasu na ɗauka cewa akwai lasisi na musamman na wannan fanni, alhali a Najeriya hanyar zama lauya ɗaya ce: digirin shari'a, sannan Makarantar Koyon Aikin Lauya da aka kafa a 1962, sannan rantsuwa da shigar da suna a rajistar Kotun Ƙoli. Ƙwarewar kuwa aiki ne ke kawo ta. Ejan mai cike fom a shagon kwamfuta ba lauya ba ne komai kyan allonsa, kuma ko lauyan gaske lasisinsa na Najeriya ba ya ba shi damar tsayawa gaban kotun Ingila ko ta Amurka, shi ya sa mai amana yake haɗa hannu da takwaransa na can.

Maganar da ke gaskiya, wadda ba a cika ambata ba, ita ce lauya na iya sa kotu ta rushe umarnin korar mutum daga ƙasa. A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta soke korar, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ta zauna a Kaduna kuma ta tabbatar da hukuncin a 1982. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta korar ɗan ƙasa ko hana shi shigowa, kuma a irin wannan fage ne darajar aikin take bayyana.

Batun cewa ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya buƙatar wata takarda, rabinsa ne gaskiya, domin yarjejeniyar 1979 ta ba shi kwana 90 ba tare da biza ba muddin yana ɗauke da takardar tafiya, amma zama bayan haka sai da izinin Hukumar Shige da Fice. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta ƙara sa wannan tambaya ta zama ta lauya, ba ta majalisar mai shayi ba.

Duk mai buƙatar wannan hidima ya nemi ganin hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, wadda take da reshe a Barnawa, ya karɓi rasit a kan kowane kuɗi, ya kuma janye daga duk wanda ya yi masa alkawarin biza ko ya ba shi shawarar yin takardun jabu.