Murya ta lalace a kwamfuta: shin laifin zurfin bit ne?

Daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa, gidajen rediyon karkara da cibiyoyin yaƙi da jahilci da dama suna ɗaukar murya a kwamfuta. Ana ɗaukar darasi, ana ɗaukar sanarwar rigakafi, ana ɗaukar tarihin gari daga bakin dattawa. Sanarwa idan ta lalace, gobe ma rana ce. Amma tsoho mai shekara 90, wanda aka yi tafiyar yini kafin a same shi, ba kullum ake samun zama na biyu da shi ba. Don haka ya kamata mai ɗaukar murya ya san wata ƴar lamba da ke cikin manhajarsa, wato shirin kwamfutar da yake aiki da shi, kamar Audacity da ake samu kyauta. Sunan lambar zurfin bit.

Mene ne zurfin bit?

Kwamfuta ba ta da kunne, awo take yi. A cikin daƙiƙa ɗaya tana auna ƙarfin sauti sau dubbai, misali sau 44,100, ta rubuta kowane awo da lamba. Zurfin bit shi ne ke faɗin yawan lambobin da za ta iya zaɓa. Bit 8 yana ba ta 256 kawai. Bit 16 yana ba ta 65,536. Bit 24 kuwa ya haura miliyan 16.

Ku tuna da mai tebur da ba shi da ƙananan kuɗi. Canjinku dala 7 ne, shi kuma ƴan dala goma kaɗai ke cikin gwangwaninsa. Ko dai ya ba ku fiye da naku, ko ya hana ku. Haka kwamfuta take yi idan bit ya yi mata kaɗan: ba ta samun lambar da ta yi daidai da sautin, sai ta ɗauki ta kusa. Waɗannan ƙananan kurakurai su ne kunne ke ji kamar ana zuba yashi a bayan maganar.

Idan ana jin "shuuu" a ƙarƙashin murya

Ku fara duba lambar. Idan 8 ce, kun gano ɓarawon, ku maida ta 16 ko 24. Idan 16 ce, wataƙila an ɗauki muryar can ƙasa-ƙasa, daga baya aka ɗaga ta da ƙarfi, yashin ya taso tare da ita. Sai dai a faɗi gaskiya, galibin wannan ƙara daga wani wuri take fitowa: makirufo mai araha, waya da ta tsufa, fanka, ko injin wuta a bayan ɗaki. Gwajin ba shi da wuya. Ku ɗauki shirun ɗakin na rabin minti da bit 16, ku sake da bit 24, ku saurara. In ba ku ji bambanci ba, ku bar lambar, ku koma kan kayan aiki da ɗakin.

Idan murya tana fashewa

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mai magana ya ɗaga murya ko ya yi dariya, sai sautin ya yage kamar tsohon gwado. Wani zai ce a ƙara bit. Ba zai yi magani ba. Zurfin bit kamar zurfin rijiya ne: in an ƙara haƙa, ƙasa ake ƙarawa, bakin rijiyar yana nan inda yake. A manhaja, bakin rijiya shi ne sifili da ke ƙarshen ma'aunin ƙarfin murya, inda launi yake komawa ja. Duk sautin da ya nemi wuce nan, yanke shi ake yi, kuma abin da aka yanke ya tafi ke nan.

Maganin shi ne a rage ƙarfin makirufo tun kafin a fara. Ku sa mai magana ya yi magana da ƙarfinsa na gaskiya, ku daidaita har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifili. Amfanin bit 24 ke nan: kuna iya barin wannan fili, ko ma fiye, ba tare da tsoron yashi ba. Amma ku sani, wasu ƙananan makirufo masu shiga ta USB bit 16 kaɗai suke bayarwa. Zaɓen 24 a manhaja ba zai ƙara musu komai ba.

Idan fayil ya ƙi buɗuwa a wani wuri

Kun gama aiki, kun kai gidan rediyo, tsohuwar na'urarsu ta ƙi karɓa, ko kuma ta saki ƙara zalla. Sau da yawa dalili shi ne an fitar da fayil da bit 24 ko 32, na'urar kuwa ba ta san su ba. Ku koma ku fitar da wani a matsayin WAV mai bit 16 da awo 44,100. Wannan shi ne tsarin faifan CD tun fitowarsa a 1982, shi ya sa kusan kowace na'ura ta san shi. Ku adana na asali, kada ku goge. Kuma kada a yi zaton maida fayil mai bit 8 zuwa 24 zai gyara shi. Nauyinsa kawai zai ninka sau uku.

Idan kuwa muryar dattijo ta koma siririya tana sauri, ko ta yi kauri tana jan jiki, zurfin bit ba shi da hannu. Yawan awo ne ya saɓa, an ɗauka da 48,000 ana juyawa da 44,100, ko akasin haka.

A yi lissafin wurin ajiya ma. Minti ɗaya na murya mai layi ɗaya, da awo 44,100, yana cin megabait 5 da ɗoriya a bit 16, kusan 8 a bit 24. Hirar awa biyu a bit 24 ta kusa cika gigabait ɗaya. Kafin ku kama hanyar gidan dattijo, ku duba sararin da ya rage, ku ɗauki minti ɗaya na gwaji, ku saurara da abin sawa a kunne, sannan ku gwada fayil ɗin a kan na'urar da za ta watsa shi.